Tarihin Rayuwar Alanis Obomsawin, Kashi na Biyar: Kwana 78 a Bayan Shinge

A makon jiya mun tsaya ne a kan fim ɗin da Alanis Obomsawin, mai shirya finafinai 'yar ƙabilar Abenaki ta Kanada, ta fitar a 1984 game da samamen da 'yan sandan lardin Kebek suka kai wa al'ummar Mi'gmaq ta Restigouche a watan Yunin 1981 saboda kamun kifi. Ba ta isa can da kyamara ba sai bayan ƙura ta lafa, don haka dole ta dogara da hotunan da wasu suka ɗauka da kuma bakin waɗanda abin ya faru a kan idonsu. Shekara tara bayan wancan samamen, da rikici ya sake ɓarkewa, wannan karon a kusa da Montreal inda take aiki da Hukumar Finafinai ta Ƙasar Kanada, ba ta yarda a sake yi ba ta nan ba.

Garin Oka ƙarami ne, kuma yana maƙwabtaka da Kanehsatake, mazaunin al'ummar Mohawk, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar. Tsakaninsu akwai wani kurmi na dogayen itatuwa wanda Mohawk suke ɗauka nasu ne tun kaka da kakanni, a gefensa kuma maƙabartarsu take. An riga an yanki wani sashe an yi filin wasan golf mai rami 9, sai ga magajin garin, Jean Ouellette, ya goyi bayan a faɗaɗa filin zuwa rami 18, a kuma gina gidaje. A watan Maris na 1990 mutanen Kanehsatake suka tare wata 'yar hanyar ƙasa da ke shiga kurmin. Da safiyar 11 ga Yuli 'yan sanda suka zo da barkonon tsohuwa don su kawar da shingen, aka yi musayar wuta, wani kofur mai suna Marcel Lemay ya rasa ransa, 'yan sandan suka janye suka bar motocinsu, Mohawk kuwa suka yi amfani da motocin wajen toshe babbar hanya. A ranar ce 'yan'uwansu na Kahnawake suka rufe gadar Mercier, wadda dubban ma'aikata suke bi kullum zuwa Montreal.

Alanis tana da shekara 57 a lokacin, kuma wani aikin ne a gabanta. Ta ajiye shi, ta nufi Oka.

'Yan jarida sun cika wurin, amma akasarinsu daga bayan jami'an tsaro suke kallo, kuma abin da ya fi jan hankalin gidajen talabijin shi ne samari masu rufe fuska riƙe da bindiga. Hoton da ya fi kowane yaɗuwa shi ne wanda Shaney Komulainen ta ɗauka ranar 1 ga Satumba, na wani matashin soja, Patrick Cloutier, da wani mai rufe fuska, Brad Larocque, suna tsaye hanci da hanci, kowa ya ƙi sunkuyar da kai. Hoto ne mai ƙarfi, ba mai musun haka, sai dai wanda ya gan shi zai ɗauka rigimar ta maza biyu ce masu taurin kai, alhali babu maƙabarta a cikinsa, babu mata, babu dalilin da ya kawo su wurin.

Abin da ya bambanta aikin Alanis shi ne ɗabi'ar da ta taso da ita tun a ƙauyen Odanak, inda ta girma tana sauraren labaran dattawan Abenaki. A al'adarta ta aiki, takan zauna da mutum da na'urar ɗaukar murya kaɗai, ta bar shi ya yi ta magana har ya saki jiki, kafin ta kawo kyamara. A Kanehsatake babu sararin yin hakan a tsanake, amma kunnen nan ne ta shiga da shi. Shi ya sa a fim ɗinta ake ganin matan da suke tsayawa a gaba, irin su Ellen Gabriel wadda al'ummar ta zaɓa ta yi magana da yawunta, ake ganin yadda ake riƙe abinci a shingen bincike, ake jin muryar waɗanda suke kwantar da samari idan rai ya ɓaci don kada wani ya harba.

Firimiyan Kebek, Robert Bourassa, ya nemi sojoji, suka karɓi wuraren 'yan sanda a watan Agusta, suka yi ta matsowa da waya mai ƙaya har suka killace ragowar mutanen a wata cibiyar jinya da ke kusa da kurmin, ga jirage masu saukar ungulu suna shawagi dare da rana. Alanis tana cikin waɗanda aka killace. Ranar 26 ga Satumba, bayan kwana 78, mutanen suka ƙone makamansu suka fito da ƙafa, ba tare da sun ce sun miƙa wuya ba. A cikin hargitsin fitowar ne wani soja ya soki Waneek Horn-Miller a ƙirji da wuƙar bakin bindiga, yarinya 'yar shekara 14 da ke ɗauke da ƙanwarta 'yar shekara 4. Ta rayu, har ta wakilci Kanada a gasar Olamfik ta 2000 a Sydney.

Sai a 1993 fim ɗin ya fito, kusan awa biyu, da sunan Kanehsatake: 270 Years of Resistance, wato shekara 270 ana turjiya. A ganina nan ne ta yi babban hukuncinta na mai shirya fim, domin ta ƙi fara ƙidaya daga ranar da aka yi harbi. Ta koma ga 1717, lokacin da masarautar Faransa ta mallaka wa limaman Katolika na ɗariƙar Sulpice wannan ƙasa, su kuma daga baya suka riƙa sayar da ita ga baƙi, Mohawk suna kai ƙara ana watsi da ita. Wanda ya bi wannan tarihi zai gane cewa filin golf ɗin yanka na ƙarshe ne kawai a ƙasar da aka daɗe ana gutsura.

Tashar Channel 4 ta Ingila ce ta riga gidan talabijin na ƙasar Kanada nuna shi. A bikin finafinai na Toronto na 1993 kuwa shi ya lashe kyautar fim mafi kyau na Kanada. An fasa faɗaɗa filin golf, gwamnatin tarayya ta sayi filaye a yankin, amma ba a warware batun mallakar ƙasar ba.

Ita ma ba ta ga ta gama da 1990 ba, domin ta ƙara finafinai uku a kan wannan rikici. Na ƙarshensu, wanda ya fito a 2000, ya koma ga ranar 28 ga Agusta, lokacin da ayarin motoci ɗauke da mata da yara da tsofaffin Kahnawake ya tsallaka gadar Mercier, taron jama'a ya yi musu ruwan duwatsu, kuma wani dattijo, Joe Armstrong, ya rasu daga baya sakamakon bugun zuciya. Yadda ta koma ta nemo mutanen da ke cikin waɗannan motoci, ta zaunar da su suka yi magana, shi za mu ɗauko a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.