Gayyar Ran Asabar a Jihar Jojiya

Sana'ata kafinta ce, kuma a nan Amurka kafinta shi ne magini. A gida mun saba da bulo da siminti, ba a neman kafinta sai gini ya kai linta, ya zo ya ɗora kwano. A jihar Jojiya kuwa, inda nake da ɗan kamfanina, ni da yara huɗu, da zarar an zuba kankaren ƙasa to saura duk katako ne. Mu jera sandunan katako a tsaye, inci 16 tsakanin kowace da 'yar'uwarta, mu rufe bayansu da falle-fallen katako, a cusa abin tare sanyi a tsakiya, sannan a lulluɓe ciki da allon farar ƙasa. Litinin zuwa Juma'a wannan nake yi wa masu hali su biya ni. Ran Asabar aikin dai shi ne, amma ba na karɓar ko sisi.

Wata dattijuwa da na gyara wa rufi ce ta jawo ni. Ta ce cocinsu ya haɗa kai da wasu coci-coci za su gina wa wata mata gida a ƙarƙashin ƙungiyar Habitat for Humanity, suna da mutane amma ba su da wanda ya san awo. Na yi jim, don ni Musulmi ne, ban san me zan tarar ba. Da na je sai na ga mutum kusan ashirin, malaman makaranta, ma'aikatan jinya, tsofaffin da suka yi ritaya, kowa da guduma a hannu, mafi yawansu ba su taɓa kafa ƙusa ta shiga daidai ba. Nan take na gane abin. Gayya ce, irin wadda muke yi a ƙauye in za a yi wa wani yaɓe ko a ɗora masa jinka, mata na kawo fura. Su ma a nan matan cocin ne ke kawo abincin rana.

Ashe ma a jihar nan aka haifi tsarin. Millard Fuller da matarsa Linda ne suka kafa ƙungiyar a garin Americus a 1976, bayan sun koyi abin a gonar Koinonia wajen wani malamin Kirista mai suna Clarence Jordan, suka kuma gwada shi shekara uku a garin Mbandaka na ƙasar Zayar, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yanzu. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda garinsu Plains ke kusa da Americus, ya fara ɗaukar guduma tare da su a 1984, ya yi ta zuwa har tsufa ya ci ƙarfinsa. Abin da ya fi kama zuciyata shi ne sharaɗin da suka faro da shi: a sayar wa talaka gida ba riba, ba kuɗin ruwa, kuma daga Attaura suka ɗauko hujjarsu. Yau rassan ƙungiyar kowane da yadda yake tsara bashinsa, amma ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada biyan wata ya wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da iyali ke samu. Ba kyauta ake ba da gidan ba. Mai shi zai biya, kuma kafin a miƙa masa makulli sai ya zuba ɗaruruwan awoyi na guminsa a ginin nasa ko na wani.

Aikina na gaske ran Juma'a da yamma yake farawa. Ni da yarana mu je mu yi awo, mu yanke katako, mu sa wa kowane alama da fensir, yadda gobe wanda bai san komai ba zai ga inda ƙusa za ta shiga. Sabon zuwa ba na ba shi bindigar ƙusa, ba na barinsa kusa da zarton lantarki, ba ya hawa rufi. Wayar wuta da famfo kuma sai mai lasisi. Jami'in duba gini na ƙaramar hukuma ba ruwansa da cewa 'yan sa kai ne suka yi, ma'aunin da zai sa wa gidan attajiri shi zai sa wa wannan, kuma haka nake so.

A kan haka na taɓa samun saɓani da wani ayari. Sun zo da zafinsu, suna son su ga bango huɗu a tsaye kafin la'asar don su ɗauki hoto. Ina can baya ina karɓar kaya, suka tayar da bangon gabas suka ɗaure shi. Da na ɗora ma'auni sai na ga ya karkata kusan inci guda. Na ce a kwance shi. Jagoransu ya ce, "Haba ɗan'uwa, mutanen nan tun safe suke wahala, wa zai lura da inci ɗaya?" Ƙofa za ta lura, taga za ta lura, rufin da zan ɗora ma zai lura. Kafin in gama bayani sai mai gidan, wadda ta taso daga aikin dare a gidan kula da tsofaffi ta zo cika awoyinta, ta ajiye gudumarta ta ce, "Ku yi haƙuri ku cire, ni da 'ya'yana za mu kwana a ciki shekara talatin." Awa biyu muka yi muna zare ƙusoshi. Jagoran nan bai yi fushi ba, mako na gaba ma ya dawo, kuma shi ya fara neman ma'auni.

Abin yana ci mini kuɗi. Yarana biyu da ke bi na ni nake biyansu ladan Asabar daga aljihuna, don ban ga dalilin tilasta wa ma'aikaci sadaka ba. A 2021 da katako ya yi tashin gwauron zabo, sai da coci-cocin suka sake zagaya faranti kafin mu sayi na rufi. Yanzu kuma fili ne ke neman gagarar kowa a kewayen Atlanta, babban birnin jihar, gumin ɗan sa kai ba ya rage farashin ƙasa. Ta wani gefen na samu: ɗaya daga cikin yarana a wurin gayyar na tsince shi, ɗan wata mai gida ne, ya zo taya uwarsa na ga hannunsa ya faɗa.

Suna da wata al'ada da nake ƙauna. Kafin a rufe bango, kowa zai ɗauki alƙalami ya rubuta addu'a a jikin katako, inda ba mai sake gani. Su rubuta ayoyinsu, ni in tambayi mai gida, in ta yarda in rubuta Bismillah a saman ƙofa. In azahar ta yi kuma su share mini ɗaki ɗaya, su kashe zarto har in sallame. Asabar mai zuwa za mu ɗora ƙafafun rufi a gida na gaba, na riga na roƙi cocin su turo mini mutum shida masu ƙarfi da tsani biyu.