Daƙiƙa biyar ɗin Node.js da ke cinye buƙatun POST a bayan nginx

Ƙorafin iri ɗaya ne kullum: kwastoma ya cika fom, ya danna aikawa, shafi ya nuna 502 (lambar kuskuren da ke nufin saba ta gaba ba ta samu amsa daga ta baya ba), ya sake dannawa sai ya wuce lafiya lau. A log ɗin manhajar kuwa babu ko alamar buƙatar farko ta taɓa isowa. Tsarinmu irin na kowa ne: nginx, mai karɓar buƙatun burauza ya miƙa su ciki, a na'ura ɗaya, Node.js, mai gudanar da manhajar, a wata na'urar yana sauraro a fot 3000, a tsakaninsu `keepalive 32` da `proxy_http_version 1.1`, an kuma share kan (header) `Connection`, don nginx ya riƙa sake amfani da haɗin da ya riga ya buɗe da Node.

Wasu sun ce netwok ne. Ba netwok ba ne. Da layin kwastoma ne ya yanke, 499 nginx zai rubuta. Tunda 502 ya rubuta, buƙatar ta shigo gidanmu, a ciki ta ɓace.

Zargin cunkoso bai ɗauki lokaci ba. `ss -lnt` ya nuna babu masu jiran layi, `nstat -az TcpExtListenOverflows` sifili, `dmesg` bai ambaci cikar teburin conntrack ko ƙarewar memori ba, manhajar ma ba ta mutu ta tashi ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne lokutan kurakuran: ba sa zuwa da rana lokacin da saba (server) ke shan aiki, sun fi yawa da sassafe da cikin dare, lokacin da mutane ke shigowa jefi-jefi. Ƙara ƙarfin na'ura ba zai taɓa magance irin wannan ba, kuɗi kawai za a zubar.

A `error.log` layi biyu ne ke maimaituwa: `upstream prematurely closed connection` da `recv() failed (104: Connection reset by peer)`. Sai na ƙara `$upstream_status` da `$upstream_addr` a `log_format`. Nan ne abin ya fito fili. Akwai buƙatun GET (na ɗauko shafi) da dama masu ɗauke da `502, 200` a wuri ɗaya, wato sun faɗi, nginx ya sake gwadawa a ɓoye, kwastoma bai san an yi ba. POST kuwa, wato buƙatar aika bayani kamar fom, tun sigar 1.9.13 nginx ba ya maimaita ta idan ya riga ya tura, don kada a yi aiki ɗaya sau biyu. Ashe matsalar kowace irin buƙata take kamawa, amma sai mai biyan kuɗi ko mai ajiye bayani ke ganin zafinta. Duk wanda ya yi gwaji da `curl` a kan shafin farko zai rantse komai ƙalau yake.

Hujjar ƙarshe daga waya ta fito. Na bar `tcpdump -i any -w kama.pcap port 3000` yana gudu a na'urar Node har kuskuren ya faru, na buɗe a Wireshark da matatar `tcp.flags.reset == 1`, na bi zaren haɗin daga farko. Amsa ta ƙarshe ta fita, shiru na kusan daƙiƙa 5, Node ya tura FIN (saƙon rufe haɗi), a cikin 'yan milisakan sabuwar POST daga nginx ta iso kan wannan haɗin, kernel ɗin na'urar Node ya mayar da RST (saƙon cewa haɗin ya mutu). Kowane zare na buɗe, tazarar ɗaya ce.

Daƙiƙa 5 ɗin nan ita ce `server.keepAliveTimeout`, wato wa'adin da Node ke bar wa haɗin da ba ya aiki kafin ya rufe shi, wanda ya fara zuwa da shi a siga ta 8. Shi kuma nginx yana riƙe haɗin da ba ya aiki har daƙiƙa 60. Idan FIN ta iso da wuri, nginx yana gani ya yar da haɗin, babu matsala. Rikicin yana faruwa ne kawai idan FIN na kan hanya a daidai lokacin da nginx ya ɗauko haɗin ya tura buƙata, kamar mai shago yana jan ƙofa kwastoma yana sa ƙafa. Shi ya sa da rana ba a cika gani ba, domin haɗi ba ya samun hutun daƙiƙa 5. Abin haushin, Node yana sanar da wa'adinsa a kan `Keep-Alive: timeout=5`, amma nginx ba ya aiki da wannan sanarwar.

Kafin gyara, a tayar da kuskuren da gangan a na'urar gwaji, in ba haka ba ba za a san ko gyaran ya ci ba. Ɗan rubutun da ke tura POST ya jira kusan daƙiƙa 5 ya sake turawa ya isa. Don faɗaɗa tagar, `tc qdisc add dev eth0 root netem delay 50ms` a na'urar Node yana jinkirta FIN, sai 502 ta riƙa fitowa a kai a kai.

Gyaran layi biyu ne: `server.keepAliveTimeout = 65000` da `server.headersTimeout = 66000`, a milisakan, wato daƙiƙa 65 da 66. Na biyun ya ɗara na farko, saboda a wasu tsofaffin sigogin Node idan bai ɗara ba haɗin zai ci gaba da yankewa. Idan ba a iya taɓa lambar manhajar, a sa `keepalive_timeout 4s` a cikin sashen `upstream`, umarnin da ya shigo a nginx 1.15.3. A kula, ba wanda ke sashen `http` ko `server` ba, wancan na ɓangaren burauza ne. Ko ta wace hanya aka bi, na baya (Node) ne zai fi na gaba (nginx) haƙurin jira, domin mai tura buƙata ya zama shi ne mai rufewa.

Ba Node kaɗai ke da wannan halin ba. A cikin sauran sabobi, Gunicorn daƙiƙa 2 yake zuwa da ita, Uvicorn da Apache 5, alhali ALB, mai rarraba buƙatu na Amazon da ke zama a gabansu, 60 yake jira. Idan matakan uku ne, kowane a duba shi da na gabansa.

Za a samu mai cewa a ƙara `non_idempotent` a `proxy_next_upstream` don nginx ya riƙa maimaita POST ma, a huta. Kada a yarda. nginx ba shi da hanyar bambance buƙatar da ba ta isa ba da wadda manhaja ta gama aiwatarwa kafin haɗin ya yanke, maimaita ta biyun kuwa cire kuɗin mutum sau biyu ke nan. Sai idan kowace POST na ɗauke da lambar shaida ta musamman da manhaja ke dubawa kafin ta yi aiki.

Bayan gyara ban dogara da shirun kwastomomi ba. Layukan `502, 200` nake ƙirgawa a log, domin sun fi yawa kuma su ne ke fara nunawa. Tun da wa'adin ya koma daƙiƙa 65 ba su sake fitowa ba sai lokacin da ake sake tayar da manhajar, wanda shi kuma `server.close()` da jiran buƙatun da ke hannu su ƙare yake buƙata.