Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Toka da Sakaina

Makon jiya na tsaya a inda aka yi mani canjin wurin aiki zuwa wata firamare a cikin garin Daura, 'yan watanni bayan an cire jihar Katsina daga tsohuwar Kaduna a 1987. Na yi maku alkawarin labarin darasin da ya kusa jawo mani takardar gargaɗi. To ga shi.

A jadawalin aji huɗu akwai wani darasi ranar Alhamis bayan an dawo tara, wai shi aikin hannu. Suna ne kawai. Abin da na tarar shi ne kowane yaro ya zo da tsintsiya ko mafici, a ba shi maki, a jibge a ofis. Ɗan mai kuɗi ya fi kowa maki, tunda a kasuwa ake sayowa. Inda tsintsiyoyin ke ƙarewa kuwa, ba a bakina za ku ji ba. Babu fenti, babu takardar zane, alli ma ƙirga mana ake yi. Ga yara sun haura sittin sun zuba mani ido.

Wata ranar Laraba da yamma ina tankaɗen garin tuwo sai Madam ta faɗo mani a rai.

Madam malamarmu ce ta lissafi a kwalejin horon malamai, ɗaya daga cikin Indiyawan da suka cika makarantun Arewa a wancan zamani. Ni ce mai kai mata littattafan aji gida da sassafe, shi ya sa na ga abin da sauran ɗalibai ba su gani ba. Kullum kafin rana ta fito za ta share ƙofar gidanta, ta yayyafa ruwa, ta sunkuya da ɗan kwanon garin shinkafa. Sai ta ɗebo garin tsakanin babban yatsa da manuniya, ta jera ɗigo-ɗigo a ƙasa, sahu-sahu. Daga nan ta saki garin yana zuba siriri kamar zare, tana bi da shi tsakanin ɗigon ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba, ya lanƙwasa nan, ya ratsa can, har ya dawo daidai inda ya faro. Ba ta gogewa, ba ta gyara. Kafin azahar tururuwa da kaji da sawun mutane sun gama da shi, gobe ta sake wani. Na taɓa tambayarta ko ba ta jin asarar garin. Ta yi dariya ta ce ai rabon tururuwa ne. Kolam ta ce sunansa. A jiharsu ta Tamil Nadu, can kudancin Indiya, uwa ce ke koya wa 'yarta, kamar yadda muke gadon ƙunshi da kitso, kuma daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu mata kan yi manya-manya har su cinye titi.

Ni dai ba ni da garin shinkafar ba tururuwa, albashin ma sai ya ga dama yake zuwa. Amma toka ba a sayenta. Na ce kowane yaro ya tankaɗo ta murhun gidansu ya ciko gwangwanin madara.

Ƙarƙashin itatuwan bedi muka fita, waɗanda su ma in an bi salsala daga can Indiya aka kawo irinsu. Hunturu ne, iska na kwasar tokar tana watsa mana a fuska, kowa ya yi furu-furu. Na nuna masu sau biyu na koma gefe. Na rantse tun da na fara koyarwa ban taɓa jin yara sittin sun yi tsit ba tare da bulala ba sai ranar.

Akwai wani yaro da ke zama a bencin baya, wanda malamai suka riga suka yanke wa hukuncin daƙiƙanci. Shi ya fara kirana.

"Malama, in na jera uku-uku sahu huɗu, zare ɗaya ke zagaye su duka. In na jera uku-uku sahu uku, sai ya rufe da wuri, sai na sa zare uku."

Na tsuguna na ƙirga. Gaskiyarsa. Abin da Madam ta taɓa nuna mana ke nan a allo: yawan zaren shi ne lamba mafi girma da za ta raba tsawo da faɗi ba saura. Huɗu da huɗu zare huɗu, huɗu da shida zare biyu, uku da huɗu zare ɗaya tak. Yaron da bai iya haddace jadawalin sau ba ya tono wannan da yatsa a cikin toka. Ban gama mamaki ba ya ƙara da cewa, "Kuma ai wannan dagi ne, Malama. Irin shi Babanmu ke yi a gaban riga."

Shekara nawa ina kallon dagi a jikin babbar riga, da sirdin doki ranar hawan Sallar Gani, da goshin zaurukan cikin gari, ban taɓa haɗa shi da zanen Madam ba. Sai da ɗan maɗinki ya faɗa.

Na koma gida ina jin kaina a sama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Wata yarinya cikin ajin, mai kaifin kai da rawar kai, ta riƙe har da maganar da na yi cewa da asuba ake yin shi a ƙofar gida. Ranar Asabar ta tashi kafin kowa ta zana nata a bakin zaurensu. Mahaifinta, malamin allo ne, ya dawo daga masallaci ya tarar da zanen toka mai ƙulle-ƙulle a inda zai sa ƙafa. Ku da kanku kun san abin da Bahaushe zai kawo a ransa. Aka tara maƙwabta, aka yi ta tofi, aka kwarara ruwa, har an fara nuna wani gida da baki, kafin yarinyar ta fashe da kuka ta ce aikin makaranta ne.

Litinin da safe aka aiko monita wai hedimasta na kirana. Na tarar da Malam zaune, carbi a hannu, bai ko ɗaga murya ba. Da ma ya yi faɗa da ya fi mani sauƙi.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Malama, tambaya ɗaya gare ni. Su masu abin, don me suke yin shi?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ado ne, kuma akwai lissafi a ciki."

"Ban tambaye ki abin da ke kika gani a ciki ba. Su na ce."

Nan bakina ya mutu. Domin na sani, Madam ba ta ɓoye mani ba: a wurin mabiya addinin Hindu zanen yana haɗe da imaninsu, suna yin shi ne don marabtar abar bautarsu ta arziki zuwa cikin gida. Na faɗa masa haka. Ya gyaɗa kai ya ce, "To da kin fara da wannan." Hedimasta ya yanke hukunci nan take: ba zane a ƙasa, ba ambaton Indiya, in kuwa aka sake to a rubuce zan ji.

A daren na sha kuka, ina cewa an kashe mani darasi saboda jahilci. Yau da furfura a kaina ba haka nake gani ba. Hukuncin hedimasta na tsoro ne, har gobe ina nan a kan bakana. Amma tambayar Malam tambaya ce da ya kamata in yi wa kaina tun ina tankaɗe. Na ɗauko kayan mutane ban duba abin da ke ƙunshe a ciki ba, na miƙa wa 'ya'yan wasu.

Mako biyu muna karɓar tsintsiya. A na uku ina share bayan ɗakin Inna, uwar maigidana, na ci karo da tarin sakaina, fasassun ƙoren da suka fi ƙarfin gyartai. Sai na tuna wani zane da wata malama 'yar Gana ta bar mani lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda a 1983. Adinkra suke ce masa. Mutanen Asante ke yi, musamman a garin Ntonso kusa da Kumasi. Da sakaina suke sassaƙa hatimin, su kafa masa 'yan tsinkaye a baya su zama mariƙi, su dafa ɓawon wani itace har ruwan ya yi baƙi ya yi kauri, su tsaga layuka a jikin yadi da matsefin katako, sannan su bi kowane gida suna dangwalawa. Ko da na nuna wa Inna zanen ba ta yi wani mamaki ba. Ta ce ai kakanta fatauci yake yi zuwa Gwanja sayen goro, ƙasar ba baƙuwarmu ba ce.

Wannan karon na yi wa kaina tambayar Malam tun kafin a yi mani. Alamomin Asante kowace da ma'anarta, wasu karin magana ne, wasu sun shafi imaninsu. Sai na ɗauki dabarar na bar masu alamominsu. Na je na sami hedimasta na ce, "Ranka ya daɗe, a kan takarda za mu yi, kuma abin da yaro ya gani a gidansu zai sassaƙa." Ya ce in dai ba toka.

Muka jiƙa takardun buhun siminti muka goge su suka miƙe. Na daka gawayi na haɗa da ƙaro na yi tawada. Yara suka sassaƙo sawun kaza, da tsinin aska irin ta gaban riga, da ludayi, da bakin rijiyar Kusugu. Ɗan maɗinki ya yi dagi, sau uku sakainar na karyewa a hannunsa kafin ta huɗu ta tsaya. Sai dai tawadar tawa ta ba ni kunya. Tana bushewa sai ta koma toka-toka, in ka shafa ta biyo yatsa.

Alhamis ta gaba yarinyar nan ta shigo aji tana rungume da wani abu a cikin gyale. Ta ajiye a kan teburina, ta ja da baya. Kurtun tawada ne, cike, baƙa wuluk tana ƙyalli.

"In ji Baba, wai ya ga takardar da na kai gida. Wai ƙaronki ya yi kaɗan, kuma ba ki tace ba. Wai in kurtun ya ƙare ki kai mashi abinshi da kanki."

Yadda na mayar da kurtun, da allunan zayyanar da na tarar jingine a zauren Malam, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.