Yadda na koyi karanta Ibn Batuta ta bakin kasuwa

Duk malamin tarihi da ya koyar da fataucin ƙetare Sahara a sakandare ya san yadda darasin yake ƙarewa. Yara su haddace zinariya da gishiri da bayi, su zana kibiya daga arewa zuwa kudu, su ci jarrabawa, shi ke nan su manta. Neman abin da zai zauna musu a kai ne ya sa na zauna da labarin tafiyar Ibn Batuta da kaina, a can ne kuma na koyi inda ya kamata mai karatu ya kafa ido.

An haife shi a Tanja a 1304, ya fita aikin Hajji a 1325, bai sake taka ƙasar Maroko ba sai 1349. A tsakani ya yi alƙalanci a Delhi a zamanin Sarki Muhammad bin Tugluk, ya kuma yi a tsibiran Maldif. Amma ba shi ya rubuta littafin da hannunsa ba. Sarkin Fas, Abu Inan, shi ya sa marubucin fadarsa Ibn Juzayy ya zauna da shi yana faɗa ana rubutawa, suka kammala a 1355. Masana sun daɗe da gano cewa siffanta wasu birane, irin su Dimashƙa da Makka da Bagadaza, an ɗebo da yawanta daga Ibn Jubair, mutumin Andalus da ya bi waɗannan wurare tsakanin 1183 da 1185. Tun da na san haka nake takatsantsan a duk inda magana ta cika ado. Inda na fi sakin jiki da shi kuwa, wurin da ya tsaya yana faɗin nawa ake sayar da kaza, kwana nawa ne daga nan zuwa can, me aka ba shi ya ci. Marubucin fada ba shi da dalilin ƙawata farashin gishiri.

A farkon 1352 ayarin da Ibn Batuta ya bi zuwa ƙasar Mali ya tashi daga Sijilmasa, garin fatake a kudancin Maroko, suka yi kwana 25 kafin su isa Tagaza. Gari ne da ba bishiya ko ɗaya, gidajensa da masallacinsa duk da gishiri aka gina su aka rufe da fatun raƙuma, mazaunansa kuma bayin ƙabilar Masufa ne masu haƙar gishirin. Ya ce kayan raƙumi ɗaya yakan yi miskali (ma'aunin zinariya) 8 zuwa 10 a Walata, garin da ayari ke sauka bayan ƙetare hamada, idan ya kai birnin Mali ya koma 20 zuwa 30, wani lokaci har 40. Ina rubuta wa ɗalibai waɗannan alƙaluma a allo, in tambaye su ina bambancin ya tafi. Su da kansu suke zayyano mini ladar masu raƙuma da abincin hanya da rabon sarakuna da asarar dabbar da ta faɗi. Yaron da mahaifinsa ke kai kaya kasuwannin ƙauye yakan riga kowa ɗaga hannu.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan hanya shi ne mutumin da suke kira takshif. Idan ayari ya kusa shiga mafi munin hamadar, sai a ɗauki hayar wani Bamasufe ya yi gaba shi kaɗai da wasiƙu zuwa Walata, domin abokan hulɗar fatake su tanadi masauki, su kuma fito da ruwa su tarbe su a tafiyar kwana huɗu. In ya halaka a hanya, mutanen Walata ba za su san da zuwan ayarin ba, sai dukansu ko akasarinsu su mutu da ƙishirwa. Miskali 100 ayarin Ibn Batuta ya biya nasu. Wato dukiyar attajiran Sijilmasa da rayukan masu ɗauke da ita sun rataya a wuyan mutum ɗaya da littafin bai ma ambaci sunansa ba. A ganina, wanda bai san da takshif ba bai san fataucin Sahara ba, ko da ya haddace sunan kowane Mansa, wato sarkin Mali.

Sai maganar wuri, kuɗin nan na da, wadda ita ce ta nuna mini faɗin duniyar da mutanen nan suke ciki. A Maldif ya ga yadda ake tsamo shi daga teku, ana sayar da 400,000 a kan dinari ɗaya. Mutanen tsibirin suna musanya shi da shinkafar Bengal, 'yan jirgin ruwan Yaman kuma suna lafta shi a gindin jirgi a madadin yashi don jirgin ya zauna daidai. A nan take ya ƙara da cewa ya ga wannan wurin a Mali da Gawo ana ba da 1,150 a kan dinari. Idan ka raba, ya ninka darajarsa kusan sau 350. Samun mutum ɗaya da ya tsaya a kasuwannin nan biyu da ƙafarsa a ƙarni na 14 ba ƙaramin abu ba ne. Shi ne kuma wurin da kakanninmu suka ci kasuwa da shi daga baya, har zuwan Turawa.

Na kuma koyi amfani da ƙorafinsa. Mutum ne da ya saba da kyautar sarakunan Indiya. Da aka kawo masa dakakken gero da zuma da nono a ƙwarya a Walata, abin da mu za mu ce ɗan'uwan fura ne, ransa ya ɓaci har ya yi tunanin juyawa. Kyautar Mansa Sulaiman ma, gurasa uku da soyayyen nama da ƙwaryar nono, raina ta ya yi. To baƙon da ya ji an ƙware shi haka, idan ya dawo yana cewa matafiyi ba ya tsoron ɓarawo a ƙasar Mali, ba sa taɓa dukiyar baƙon da ya mutu sai magajinsa ya zo, kuma wanda bai sammaka ba ranar Juma'a ba ya samun wuri a masallaci, yabonsa ya yi nauyi. Bai faɗe shi don an cika masa jaka ba.

Takedda ce ta kawo labarin kusa da gida. Masana da yawa suna ganin ita ce Azelik ta yankin Agadas a yau. Ya ce mutanenta ba su da sana'a sai fatauci, kowace shekara suna zuwa Masar su kawo tufafi masu kyau, tagullarsu kuma ana kai ta Barno da wata ƙasa Kubar, wadda ake fassara ta da Gobir. Ɗalibai suna murna da wannan ɓangaren labarin, ni ma haka. Sai dai ba na barin su tashi a nan, domin farashin da na koya musu bi bai tsaya kan gishiri da wuri ba. A Takeddan ne Ibn Batuta ya sayi baiwa mai ilimi a kan miskali 25. Nakan ce su koma allo su duba kuɗin kayan gishiri na raƙumi ɗaya a birnin Mali, su gwada da kansu. Ayarin da ya bi daga Takedda zuwa arewa a watan Satumban 1353 yana tafe da mata bayi kimanin 600. Ya faɗi adadin a jimla ɗaya, ya wuce zuwa bayanin hanya.