Abin da ɗaukar hoto ya koya mini tsakanin Ƙofar Mata da Agadas

Mai shiga sana'ar ɗaukar hoton tafiye-tafiye yakan fara da damuwa da kyamara: nawa aka sayo ta, ina ƙarfin idonta, yaya take yi da duhu. Yawon da na yi da tawa tsakanin Kano da Kura da Damagaram da Agadas ya nuna mini cewa galibin aikin ana yin sa ne kafin a zaro ta daga jaka, sauran kuma bayan an mayar da ita. Danna maɓalli ƙiftawa da bismilla ne. Gaisuwa da zama da tambaya da rubutu su ne ke cin yini.

A karofin Ƙofar Mata na fara gane haka. Wurin, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, ya sha ganin masu kyamara har marinan sun san irin hoton da baƙo ke nema tun bai buɗe baki ba. Za a ɗaga maka zane, a nuna maka hannu shuɗi, ka ɗauka, ka ba da ɗan abin goro, ka tafi. Hoton zai yi kyau, amma dubunsa na nan a intanet, kuma babu abin da yake faɗa wa mai kallo sai cewa a Kano ana rini. Wani dattijon marini ne ya dube ni ya ce, “Ɗan nan, in aiki ka zo gani, ajiye abin nan ka zauna.” Na ce, “To, Baba.” Na zauna a bakin raminsa har rana ta take.

A zaman nan na ga abin da mai sauri ba ya gani. Idan aka tsamo ƙyalle daga ramin, ba shuɗi yake fitowa ba. Kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya riƙa juyewa a kan idonka har ya koma shuɗi. Shi ya sa marini ke tsomawa ya ɗaga, ya tsoma ya ɗaga, gwargwadon duhun da mai kaya ya nema. Ruwan ma ba a rana ɗaya ake haɗa shi ba: ana zuba baba da toka a bar su makonni suna jiƙa, ana motsawa da doguwar sanda, kuma tsoho yakan gane ya nuna daga kumfar da ke samansa da warinsa. Hoton da na fi alfahari da shi daga karofin shi ne na wannan ɗan lokaci da ƙyalle ke tsakanin kore da shuɗi, dattijon ya karkata kai yana auna launin da ido. Da ban zauna ba, ko sanin akwai wannan lokacin ba zan yi ba, balle in jira shi. Na kuma lura da ramukan da suka bushe aka bar su, shara ta cika wasu, kuma sun fi masu aiki yawa. Su ma na ɗauke su, domin labarin karofin bai cika ba idan aka ɓoye su.

Daga nan ne na koyi bin abu zuwa inda ya nufa. A Kura na ga masu bugu suna zaune a jere gaban gungumen itace, suna dukan turkuɗi da garin shuni har ya riƙa ƙyalli. Na tambayi wa ke sayen wannan kaya mai tsada, aka ce Buzaye. Da na isa Agadas sai ga shi a kan mutane, rawani ne, shuninsa ya zuba a goshi da kumatu. Idan ka ajiye hoton mai bugu na Kura kusa da hoton mai rawani na Abzin, ka nuna hanyar fatauci ta ɗaruruwan shekaru ba tare da ka zana taswira ba. Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka Agadas a 1850 ya shiga Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Abin da ya rubuta da alƙalami har yau ana iya ganin saurarsa da ido, in mutum ya yarda ya bi sawu.

Kowa ya je Agadas zai ɗauki hasumiyar babban masallaci, kuma ta cancanta: mita 27 ta ƙasa zalla, an fara gina ta a farkon ƙarni na 16, aka sake gina ta a 1844, kuma tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2013. Itatuwan da suka fito daga jikinta baƙo yakan ɗauka ado ne, alhali su ne matakalar magina idan za a yi mata yaɓe. Ginin ƙasa yana tsaye ne saboda akwai masu komawa kansa bayan damina. Tun da na fahimci haka, duk inda na ga tsohon gini sai in nemi maginansa, ko a Birnin Damagaram ko a lungunan cikin ganuwar Kano.

Game da haske ba ni da dogon bayani. Hantsi da la'asar sakaliya su ne lokacin aiki, tsakar rana kuwa tana cinye fuskar baƙin mutum a ƙarƙashin rawani ko hula. Hazon hunturu yana tausasa haske, amma ƙurarsa na shiga kyamara, don haka ba a sauya wa kyamara ido a fili.

Darasin da ya fi nauyi a wurina shi ne na suna. Duk wanda ya duba tsoffin hotunan ƙasar Hausa na bayan zuwan Turawa a 1903, irin waɗanda ake gani a gidajen tarihi kamar Gidan Makama ko a katunan gidan waya na wancan zamani, zai lura da abu ɗaya. Bature yana da suna da muƙami, sarki ma yana da suna. Sauran jama'a kuwa sai a rubuta “ɗan kasuwar Kano” ko “matan Filani”, shi ke nan. Mutum ne tsaye, da tsagar gidansu a fuska, da rigar da wataƙila matarsa ta kaɗa zarenta, yana da uwa da uba da unguwa, amma ba wanda zai iya cewa wannan kakana ne. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Dubi Dorugu, yaron nan Bahaushe na ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Turai a 1855 tare da wani yaro mai suna Abbega. Mun san shi yau, mun san abin da ya gani a Ingila da yadda ya ɗauke shi, domin wani ya zauna ya rubuta labarinsa da Hausa daga bakinsa. Dubban tsararrakinsa sun wuce ba ko suna.

Saboda haka littafin rubutu ba ya barin aljihuna. Duk wanda na ɗauka da izininsa, ina rubuta sunansa yadda yake so a kira shi, da sana'arsa, da unguwa, da ranar, da wata magana da ya faɗa in akwai. Wani yakan ce a rubuta laƙabinsa kawai, wani ya ce a ɗauki hannunsa da aikinsa ban da fuska. Duka ina karɓa. Wanda ya ce a'a kuwa, a'arsa ta zauna, ba na laɓewa daga nesa in ɗauke shi da dogon ido. Akwai malamai da dattawa da ke ƙin hoto saboda addini, kuma ba aikina ba ne in tsaya jayayya da su a ƙofar gidansu.

A Hawan Sallah ma wannan tunani ne ya sauya mini wurin tsayuwa. Ranar Hawan Daushe masu kyamara kan yi cincirindo a Ƙofar Kudu ta fadar Sarkin Kano suna jiran jahi, kuma a 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya. Ni nakan yi sammako in tafi barga. Can ake wanke doki, a sa masa lalle a ƙafa, a ɗaura sirdi, a ɗora lifidi, wani tsoho na ɗinke ragamar da ta tsinke, yaran gida na ta kai da kawo. 'Yan barga ba sa fitowa a hoton jarida, amma da bazarsu mahayin ke rawa. Idan ka gaida su da kyau, ka tambayi sunan dokin da inda aka sayo shi, za ka ji tarihin gidan sarautar da ba ya cikin kowane littafi.

Akwai hoton da na daina ɗauka gaba ɗaya: yaro almajiri da ƙoƙo a hannu, ido ya yi zuru-zuru. Irin sa ne ya fi saurin samun mai saye a waje, na sani. Amma yaron bai isa ya ba da izini ba, iyayensa na can ƙauye ba su sani ba, kuma hoton zai daɗe a intanet bayan ya girma ya zama magidanci. In zan yi aiki a kan tsangaya, wurin malam nake fara zuwa, in nemi a bar ni in ga karatun dare a gaban wuta, da wankin allo, da haɗa tawada, da ranar sauka. Wahalar ma ina nuna ta, domin akwai ta, kuma ɓoye ta ƙarya ce. Sai dai a nuna ta tare da sauran rayuwar yaron, da sanin wanda ke riƙe da shi.

Batun kuɗi yana da wuya, ban kuma yarda da masu cewa kada a taɓa ba da komai ba. Marinin da ya bar aikinsa ya tsaya maka ya yi asarar lokaci, kai kuma wataƙila za ka sayar da hoton. Nakan sayi kayansa, ko in ba da abin da ya dace. Amma abin da na ga ya fi kuɗi faranta rai shi ne a wanke hoto a kawo wa mai shi. Wani maƙerin azurfa a Agadas da na aika wa nasa ta hannun direban mota ya kira ni, bai ce komai a kan kyan hoton ba, sai ya ce, “Malam, ashe kai mai cika alkawari ne.” Da yawa sun ɗauke shi sun ce za su aiko, bai sake jin ɗuriyarsu ba. A bayan kowane hoto nakan rubuta sunan mutum da gari da shekara, domin takarda takan fi memori da waya daɗewa a adakar gida.

Akwai kuma ƙofar da ba ta buɗe mini ba, kuma daidai ne. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Rabin rayuwar garuruwan nan tana cikin gida: masu ɗinkin hula, masu kitso, masu ƙuli-ƙuli, tsofaffin da har yanzu ke kaɗi da mazari, malamai mata masu karantar da yara a tsakar gida. Wata abokiyar aikina ce ke shiga wuraren, kuma hotunanta sun nuna mini Kanon da na girma a cikinta ban taɓa gani ba. Sharaɗin da matan suka gindaya mata shi ne wasu hotunan na gida ne, ba za a sa su a Facebook ko a baje koli ba. Ta ware su daban, ta wanke wa kowace nata, waɗanda aka yarda a nuna kuma muna haɗa su da nawa na karofi da barga, da niyyar mu fara nuna su a unguwannin da aka ɗauke su kafin a kai su wani wuri.