Abin da na gani a bakin hanya ranar da na rage gudu

Ranar Lahadi ce na ware domin hutu daga atisayen keke, amma hutun mai keke ba zaman gida ba ne, fita ce a hankali domin jijiyoyin ƙafa su saki. A makon da ya wuce, cikin watan Agusta, na baro Kano da sanyin safiya ta hanyar Zariya, sannan a Kwanar Dawaki na saki kwalta na bi wata burtali da ke ratsa gonakin gero da dawa. Na sha wucewa ta wannan yanki ina kallon agogo da tayar gaba kawai, shi ya sa duk koren da ke gefen hanya ciyawa nake ɗaukarsa.

A gindin wata kuka na tarar da wata dattijuwa da jikanyarta suna tsinkar ganye suna zubawa a ƙwarya. Na sauka na gaishe ta, na ce, "Iya, sannu da aiki, wannan na awaki ne?" Ta ce, "A'a ɗan nan, tafasa ce, kwaɗonta za mu yi da rana." Na ci kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli tun ina yaro a gidan kakata, amma sai a ranar na fara ganinta a tsaye a ƙasa, da ganyenta shida masu faɗin kai a kan kowane reshe, da 'yan furanninta rawaya. Ta bayyana mini cewa tohon sama ake tsinka tun yana ɗanye, a dafa shi sosai, a zubar da ruwan domin ɗacin da warin su fita.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gargaɗin da ta yi mini. Kusa da tafasar akwai rai-ɗore, wanda wasu ke kira sanga-sanga, kuma ga idon baƙo kusan abu ɗaya ne, sai dai ganyensa yana da tsini a baki kuma 'ya'yansa suna da illa ga mutum da dabba. Ta nuna mini zaƙami ma, mai farin fure kamar kakaki, ta ce ko da wasa kada a kai shi baki. A nan na yanke wa kaina cewa ba zan ɗanɗana wani tsiro ba sai wanda ya san shi ya tabbatar mini da sunansa.

Daga nan yarinyar ta zama jagorata na ɗan lokaci, ina tura keke tana tafe a gaba. Ta nuna mini yaɗiya da ta nannaɗe jikin shinge, da gasaya, da lalo, da karkashi wanda ake miya mai yauƙi da shi. A bakin wani kwari muka sami ɗinya ta fara baƙi, na ci 'yan ƙwayoyi. Aduwa da magarya da kanya kuwa sai kaka ta wuce, sanyi ya shigo.

Kafin mu rabu dattijuwar ta ambaci shekarun yunwa, kuma na fahimci tana nufin farin da ya afka wa Arewacin Najeriya da Nijar a wajajen 1973, lokacin da irin waɗannan ganyaye suka riƙe gidaje da yawa bayan rumbuna sun ƙare. Kukanta a yanzu shi ne maganin feshi. Manoma suna fesa shi domin rage wahalar noma, kuma ban ga laifinsu ba idan aka dubi tsadar 'yan ƙwadago, amma maganin ba ya bambanta tafasa da sauran ciyawa, kuma ganyen da aka fesa bai dace da tukunya ba. Saboda haka a bana sai ta yi tafiya mai nisa zuwa saura kafin ta cika ƙwaryarta, abin da ya dame ni ƙwarai.

Ta ɗaure mini tafasa da yaɗiya a leda, ta ƙi karɓar kuɗi, na rataya a kan keke na kamo hanyar gida kafin hadarin da ya taso daga gabas ya same ni.