Yadda na nuna wa 'yan ajina aikin saiwa

Idan ka tambayi yaro da me shuka take rayuwa, ruwa zai ce maka, ko ya nuna ganye. Saiwa ba ta zuwa masa a rai, tunda bai taɓa ganin ta tana aiki ba. Shi ya sa na sa 'yan ajina suka yanke gorunan roba waɗanda ake ganin cikinsu, muka huda gindinsu, muka zuba ƙasa iri uku: yashi zalla, laka, da ƙasa mai taki. A kowace gora muka cusa ƙwayar wake dab da jikin robar, muka naɗe da baƙar takarda domin saiwa ta samu duhu. Ruwa kuwa awo ɗaya ake ba kowace.

Abin da ya fara ba su mamaki shi ne saiwa ce ta riga fitowa. Da muka kwantar da wata gora, kafin kwana biyu bakin saiwar ya sake lanƙwasawa ƙasa.

Amma a makon farko duk tsiron kamanninsu ɗaya. Wata yarinya ta ce, "Malam, ashe taki ba ya komai?" Na ji daɗin tambayar ƙwarai. Muka ɓare jiƙaƙƙen wake, na nuna musu ɓarayin nan biyu: guzurin tsiro ke nan, da shi yake tashi kafin ya dogara da ƙasa. Sai guzurin ya ƙare bambanci ke bayyana. A ganina nan ne darasin yake, kuma wanda ya tattara gorunan da wuri bai koyar da komai ba.

Daga baya na yashi ya ƙanƙance, don ruwa wucewa yake yi kafin saiwa ta sha. Na laka ya fi ba su tausayi: ruwa ya kwanta, ganye ya yi ɗorawa, saiwar ta yi baƙi tana wari. Da ƙyar suka yarda cewa saiwa ma numfashi take yi, kuma ruwan da ya cike ramukan ƙasa ya hana ta iska.

Da muka tumɓuke na ƙasa mai taki muka wanke a hankali, suka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar, suka ɗauka cuta ce. Na ce musu wasu ƙananan halittu ne ke zaune ciki, suna samar wa waken sinadarin naitirojin, wanda shuka ke buƙata don girma, daga iska. Nan take suka nemi mu shuka masara mu duba ko ita ma tana da su.